Yadda ake buɗe wa zuri'a shafin intanet: jagora ga mai farawa a Kumasi

Kusan kowane gida a Zangon Kumasi yana da gurup na dangi a WhatsApp, kuma wajen sanarwa ba shi da laifi: an haihu a Sawaba, za a ɗaura aure a Aboabo ranar Lahadi, an yi rasuwa a Accra. Inda yake gazawa shi ne ajiya. Hoton kaka da wani ya tura bara ya nutse ƙarƙashin dubban saƙonni, wanda ya canja waya ya rasa shi, jikan da aka saka a gurup jiya kuwa bai taɓa ganinsa ba. Ƙaramin shafin intanet na zuri'a yana toshe wannan kafar. Wuri ɗaya ne da ɗan'uwa na Nima da na Kano da na Jamus za su buɗe su tarar da hotuna da asalin gida da ranakun taro a inda aka bar su.

Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Abin da ake buƙata shi ne laftof ko kwamfutar tebur na yini ɗaya ko biyu, data mai ɗan ƙarfi, waya don gwaji, da amincewar manyan gida. Hanyar da za a bi a nan ita ce Google Sites, wurin gina shafi na kamfanin Google, saboda kyauta ce, ba ta saka talla, kuma babu wata manhaja da za ka riƙa sabuntawa. Sharaɗinta ɗaya: a kwamfuta ake gininta, waya ta kallo ce. In ba ka da laftof, ka ara, ko ka je kafe, amma ka fita daga asusunka kafin ka tashi daga kujera.

Asusun gida tukuna

Abin da ya fi kashe irin waɗannan shafuka ba matsalar na'ura ba ce. Yaro ɗaya ne mai ƙwazo yake buɗe komai da imel ɗinsa da lambarsa, daga baya ya yi tafiya, ko wayarsa ta ɓata, ko a sami saɓani, shi ke nan dangi ba su da mabuɗin kayansu. Don haka kafin ka taɓa komai, buɗe sabon Gmail da sunan gidan. Wannan asusu shi ne mamallakin shafi, kai kuma za ka saka naka imel a matsayin mai gyara kawai.

Lambar wayar da za a ɗaura wa asusun ta zama ta babban mutum mazaunin gari wanda ba ya yawan canja layi. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani, ranar da kuke neman lambar shiga sai ta tafi wayar baƙo. A saka imel na mutum na biyu a wurin dawo da asusu. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan a sauke lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa, guda 10 ne masu lamba takwas takwas, kowace sau ɗaya take aiki. A buga su a takarda tare da kalmar sirri, a saka a ambulan, a ba Alhaji ko Hajiya su ajiye inda ake ajiye takardun gida. Mutum biyu aƙalla su san inda ambulan ɗin yake. Kuma a riƙa shiga asusun jefi-jefi, domin tun daga ƙarshen 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, da duk abin da ke cikinsa.

Wa zai ga me

Wannan shawarar dangi ce, ba ta mai ginin shafi shi kaɗai ba. A Google Sites iznin kallo yana hawa kan shafin ne gaba ɗaya: ko kowa ya gani, ko waɗanda aka zaɓa kaɗai. Mafita mafi sauƙi ita ce a gina guda biyu, kamar yadda gida yake da zaure da cikin gida. Na farko a buɗe yake: sunan zuri'a, taƙaitaccen tarihi, hotunan magabata da aka yarda a nuna, da imel na gida don mai neman dangi. Na biyu a kulle: hotunan yara da na mata, bidiyon biki, bishiyar zuri'a da sunayen masu rai, lissafin gudummawa. Idan aikin biyu ya yi maka yawa, fara da na kullen kaɗai. Buɗe abin da yake a rufe minti ɗaya ne, amma abin da ya riga ya fita duniya an kwafa ba ya dawowa.

Akwai abubuwan da ko a na kullen bai kamata su hau ba: hoton Ghana Card ko fasfo, takardun fili da na gado, adireshin GhanaPost GPS na gida, makarantar da yara suke zuwa, cikakkiyar ranar haihuwar mai rai. Lambar MoMo ta karɓar gudummawar aure ko ta rasuwa kada ta kuskura ta fito a buɗaɗɗen shafi. Ɗan damfara da ya ga sunan mamaci da sunayen 'ya'yansa da ranar addu'ar arba'in ya sami duk abin da yake buƙata don ya kira Goggo da ke waje ya ce shi ne mai tara kuɗin. In irin haka ta faru, Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana tana karɓar ƙorafi a lamba 292.

Sai neman izni. Akwai matan da ba sa son hotonsu ya fita ko da a cikin dangi, akwai dattawan da ba sa son hoto ma sam. A tambaya kai tsaye: "Inna, ga hotonki na ranar sunan nan, in saka inda 'yan'uwa kaɗai za su gani, ko in bari?" In ta ce a bari, a bari.

Ginin kansa

Shiga da asusun gida, ka je sites.google.com, ka danna farin akwatin da ke da alamar tarawa. A sama ta hagu ka rubuta sunan shafin. A gefen dama za ka ga kalmomi uku, Insert da Pages da Themes, kuma kusan duk aikin a cikinsu yake.

Fara da Themes ka zaɓi fasali mai farin bango da baƙin rubutu. Masu kallonka da yawa dattawa ne da ke riƙe waya a tsakar rana, rubutu mai ruwan toka a kan hoto ba zai karantu musu ba. Daga nan Pages, ka ƙirƙiri feji huɗu ko biyar, kada su wuce haka a farko: Maraba, Asalinmu, Hotuna, Taruka, Tuntuɓa. Fejin da aka buɗe aka bari fanko ya fi wanda ba a buɗe ba muni. A Insert kuma akwai akwatin rubutu da na hoto, da shimfiɗu da aka riga aka tsara, misali hoto a hagu bayani a dama. Danna ɗaya, ya sauka a feji, ka cika. A fejin Taruka za ka iya jawo Google Calendar na asusun gida, duk ranar da aka ƙara a kalandar sai ta bayyana a shafin da kanta, muddin an ba masu kallo iznin ganin kalandar.

A sama akwai alamar duba aiki kafin a fitar, mai nuna yadda fejin zai kasance a waya da kuma a babban allo. Na waya shi ne abin dubawa, don kusan kowa da waya zai shigo. Abin da ka jera gefe da gefe a laftof, a waya ɗaya kan ɗaya yake sauka, wani lokaci bayanin hoton Kawu ya faɗa ƙarƙashin hoton wani.

Duk abin da ka rubuta yana ajiyuwa nan take, saboda haka in an ɗauke wuta ba ka yi asarar komai ba sai abin da kake cikin ɗorawa. Amma ajiyuwa daban, fitarwa daban. Sai ka danna Publish mutane za su gani, kuma kowane gyara da ka yi daga baya sai ka sake danna shi. Rabin kiran "ai ban ga abin da ka ce ka saka ba" daga nan yake. A karon farko zai nemi ka zaɓi adireshi, wanda zai zama sites.google.com/view/ sannan sunan da ka ba shi. A wannan akwatin ne kuma za ka ga inda ake zaɓar masu kallo.

Hotuna, inda aikin yake

Hoton wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5. Guda 40 na biki ɗaya sun kusa megabait 160, ɗora su da datar waya yana cin kuɗi, kuma yakan yanke a tsakiya. Shafi ba ya buƙatar wannan nauyin. A rage faɗin hoto zuwa fiksel 1600, a ajiye shi a JPG da inganci wajen 75 cikin 100, sai ya dawo kilobait 200 zuwa 400, ido kuma ba zai ga bambanci a waya ba. Guda 40 ɗin sun koma wajen megabait 12. Squoosh, a squoosh.app, yana yin wannan kyauta a cikin burauza: ka jefa hoto, ka kunna Resize, ka rubuta 1600, ka sauke. Asalin hoton mai nauyi kada a goge shi, a ajiye a wata folda daban.

Kuskure biyu ake yawan yi wajen tattaro hotuna. Na farko, karɓa ta WhatsApp yadda aka saba. WhatsApp yana matse hoto, wanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu kuwa ya riga ya dushe. Ka ce a turo maka a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu. Na biyu ya biyo bayan na farko: hoton da ya zo a matsayin fayil yana ɗauke da ɓoyayyen bayani, har da wurin da aka ɗauke shi in mai wayar ya bar GPS a kunne. A Windows, danna dama a kan fayil, Properties, Details, a ƙasa akwai layin cire bayanan sirri. Masu iPhone kuma hotonsu yakan zo a wani nau'in fayil mai suna HEIC, wanda wasu kwamfutoci ba sa buɗewa. A mayar da shi JPG tukuna.

Tsofaffin hotunan takarda su ne dukiyar shafin, su ne kuma suka fi son haƙuri. In hoton yana cikin firem, a cire shi, don gilashi yana mayar da haske. Amma in ya manne da gilashin saboda danshin damina, kada a ɓamɓare, fuskar za ta biyo gilashin. A ɗauka a haka daga ɗan gefe, ko a yi amfani da PhotoScan na Google, wanda yake ɗaukar hoto daga kusurwa huɗu ya haɗa don ya kawar da ƙyalli. In ya ciru lafiya, a shimfiɗa shi a kan farar takarda kusa da taga da hantsi, ba a cikin rana kai tsaye ba, a kashe filashi, a riƙe waya daidai saman hoton da hannu biyu, gwiwar hannu a kan tebur. A goge gilashin kamara da gefen riga tukuna, mutane da yawa suna zargin wayarsu alhali maiƙo ne. Sannan a juya hoton a ɗauki bayansa. Sau da yawa a nan ne hatimin mai hoto yake, ko kwanan wata, ko suna da ajami. Mai na'urar sikana ya saita ma'aunin kaifin hoto, wato dpi, a 600 ga ƙananan hotuna, 300 ga manya.

Kowane fayil a ba shi suna mai ma'ana, shekara a gaba, kamar 1974-aure-aboabo-01. Kowane hoto a rubuta masa su waye a ciki daga hagu zuwa dama. Hoton da babu suna a ƙarƙashinsa, nan da shekara 20 baƙi ne kawai sanye da manyan riguna.

Bidiyo kada a cusa shi kai tsaye. Gmail da Drive da Photos na asusun gida gigabait 15 suke rabawa a tsakaninsu, bidiyon walima biyu ko uku sun isa su cinye. A ɗora a YouTube a zaɓi Unlisted, wato wanda ba ya fitowa a bincike, a jawo shi cikin feji ta Insert. A sani dai Unlisted ba kulle ba ne, duk wanda aka tura wa adireshin zai kalla. Sabon asusu kuma ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da shi da lambar waya.

Fejin asali

A zauna da dattawa da waya mai ɗaukar murya, kowa shi kaɗai, minti 20 zuwa 30. Tambayar "a wace shekara" ba ta cika samun amsa ba. A jingina ta da abin da kowa ya tuna: kafin samun 'yancin kai a 1957 ko bayansa, lokacin da aka kifar da Nkrumah a 1966, korar baƙi ta zamanin Busia a 1969 wadda ta raba gidaje da dama tsakanin Ghana da Najeriya da Nijar, ko yunwar 1983, shekarar da aka koro 'yan Ghana daga Najeriya. Gidajen da kakanninsu fataken goro ne za su ji sunan Salaga yana fitowa, domin bayan yaƙin basasar garin a 1892 'yan kasuwa da yawa suka watse zuwa wasu garuruwa. Inda ba a tabbatar ba a rubuta "wajen shekarar kaza". Inda Baba da Goggo suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Mai shafi ba alƙali ba ne, kuma maganar da ta taɓa gado ko rikicin aure ba ta da wuri a nan.

Matasan Zango da yawa suna jin Hausa amma Turanci suka fi karantawa, na Kano da Sakkwato kuma akasin haka. A saka harsuna biyun a feji ɗaya, Hausa a sama, Turanci a ƙasa. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna nan a Gboard, allon rubutu na Google a waya, in ka ƙara Hausa a cikin harsunansa. Rubuta a waya cikin Google Docs, ka kwafa a kwamfuta. Bayan ka liƙa, ka duba da kyau: wasu salon rubutu ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga ƙ ta fito da wata siffa daban da sauran, ko ta zama akwati. In haka ta faru, canja salon.

Idan ɗan'uwa ya ce ba ya buɗuwa

A kullallen shafi ana ƙara masu kallo ne da imel ɗinsu, ta alamar mutum da ke sama. Kula da zaɓin da ke gefen suna: mai kallon abin da aka fitar daban, mai gyara daban. Masu gyara kada su wuce biyu ko uku.

Dattijo zai ce maka ba shi da imel, alhali duk mai Android da ke sauke manhaja yana da shi, galibi wanda ya sayar masa da wayar a Adum ko Kejetia ne ya buɗe masa. A buɗe Play Store a wayarsa, a taɓa da'irar da ke sama ta dama, adireshin yana nan. In an ƙara mutum amma ana ce masa ba shi da izni, kusan kullum Gmail biyu ne a wayar, burauza kuma ta shiga da wanda ba a saka ba. In shafi ya buɗu amma wata takarda ko folda a ciki ta ƙi, to daga Drive aka jawo ta, kuma iznin Drive daban yake da na shafi, sai an je can an ba mutanen. In dangi sun haura 30, ya fi sauƙi a buɗe Google Group, wato gurup na imel, a zuba kowa, a ba gurup ɗin izni sau ɗaya a duk wuraren biyu.

Sayen adireshi na kanku

Wannan ba dole ba ne, kuma buɗaɗɗen shafin ne kaɗai yake buƙatarsa. Adireshi mai ƙarewa da .com yana kamawa wajen dala 10 zuwa 20 a shekara, haya ce ba saye na har abada ba. Akwai kuma .com.gh na Ghana. Kamfanonin waje irin su Namecheap da katin banki ake biyansu, wasu na cikin gida suna karɓar MoMo. A duba kuɗin sabuntawa, ba na shekarar farko kaɗai ba, don a nan ake ɓoye tsada. Sunan ya zama gajere, da haruffa marasa lanƙwasa, wanda za a iya faɗa a waya ba tare da an ce "maimaita" ba. A yi rajista da imel na gida. Saƙon tabbatarwa zai shigo wannan imel, in ba a amsa cikin kwana 15 ba ana iya dakatar da adireshin.

Haɗawa mataki biyu ne, kuma da asusun mamallaki ake yi. A Google Sites shiga saituna, Custom domains, ka rubuta adireshin da www a gabansa. Google zai tura ka Search Console, inda ake tabbatar da cewa adireshin naka ne, ya ba ka wani dogon layi da ya fara da google-site-verification. Kwafe shi, ka je sashen DNS, wato saitunan da ke haɗa adireshi da shafi, a wurin da ka sayi adireshin, ka ƙara shigarwa irin TXT, a gurbin suna ka saka @, a gurbin ƙima ka liƙa layin. Sannan ka ƙara ta biyu irin CNAME, suna www, ƙima ghs.googlehosted.com. In akwai tsohuwar shigarwar www da kamfanin ya saka tun farko, goge ta, biyun ba sa zama tare. Daga nan jira, yakan ɗauki daga mintuna zuwa awa 48, kuma a wannan tsakanin burauza na iya gargaɗin rashin tsaro. Kada ka yi ta canje-canje, kowane canji sabon jira ne. Adireshin ba tare da www ba ba zai buɗu da kansa ba, sai ka saita turawa daga shi zuwa mai www a wurin kamfanin.

Ranar ƙarewar haya a rubuta ta a kalandar gida da tunatarwa wata ɗaya kafin lokaci. Sabuntawa ta atomatik tana faɗuwa in katin ya ƙare ko babu kuɗi a ciki. Bayan wa'adi akwai 'yan makonnin sassauci, sannan kwana 30 da ake fansar adireshin da tara mai tsada, daga nan kowa yana iya saye. In aljihu ya yarda, a biya shekara 3 ko 5 a tashi ɗaya.

Wani zai ce me ya sa ba WordPress ba, wata sananniyar manhajar gina shafi. Yana da ƙarfi, yana ba da damar kulle feji ɗaya da kalmar sirri, amma wanda ake ɗorawa a masaukin haya yana son mai sabunta shi a kai a kai, in aka sake shi masu kutse suna cika shi da tallar caca. Gidan da yake da mai wannan lokacin ya koma can daga baya.

Sau ɗaya a shekara, misali bayan Babbar Sallah da sababbin hotuna suka taru, a shiga takeout.google.com da asusun gida, a zaɓi Drive da Photos da YouTube, a sauke kwafi. A zuba shi tare da foldar asalin hotuna da muryoyin dattawa a filashin ajiya (flash drive) ko hard disk guda biyu, ɗaya a Kumasi, ɗaya a hannun ɗan'uwa a wani gari. A wannan zaman ne kuma za a buɗe ambulan a gwada kalmar sirri, a tabbatar lambar wayar da ke kan asusun tana hannun mai ita, a cire masu gyaran da suka daina aiki.